Yadda Ake Ƙirƙirar Jarumin Littafin Zane: Fara Sanin Irin Jarumin da Kake So

Kusan duk wanda ya ɗauki fensir da niyyar zana nasa jarumin, hanya ɗaya yake bi. Zai zana ƙato mai faɗin ƙirji, ya rataya masa alkyabba, sannan ya shiga jera masa baiwa: yana tashi sama, harsashi ba ya huda shi, yana ɓacewa, yana jin abin da ke zuciyar mutane. Kafin a kai shafi na biyar labarin ya mace, domin babu wanda zai iya da shi, kuma babu abin da zai sa mai karatu ya ji tsoro a madadinsa.

Kamfanonin Amurka biyu da suka fi shahara a wannan sana'a, DC da Marvel, sun shafe sama da shekara tamanin suna fitar da jarumai, kuma idan ka zuba musu ido za ka ga ba su da yawan iri kamar yadda yawan sunayensu ke nunawa. Abin da ke raba wannan da wancan shi ne inda ƙarfin ya fito, da kuma abin da jarumin ke biya a kansa. Ga yadda za ka bi, mataki-mataki.

Mataki na 1: Yanke shawarar inda ƙarfinsa ya fito

Kada ka zana ko da layi ɗaya sai ka amsa wannan. A nan za ka fi daɗewa, don kowane iri yana zuwa da labarin da ya dace da shi.

Na farko shi ne baƙo, wanda ya zo da ƙarfinsa daga wata duniya. Uban wannan iri shi ne Superman, wanda ya fara fitowa a mujallar Action Comics lamba ta 1 a shekarar 1938. Wasu samari biyu daga birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙirƙire shi: jariri ne da aka turo daga duniyar Krypton kafin ta tarwatse, wasu manoma suka tsince shi suka rene shi. Wonder Woman ta 1941 ma baƙuwa ce, daga tsibirin mata mayaƙa ta fito, haka Thor na 1962 da aka aro daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai. Matsalar baƙo ba ta faɗa ba ce, faɗa kam ya fi ƙarfin kowa. Matsalarsa zama da mutane ce: yadda zai riƙe hannun tsoho ba tare da ya karya shi ba, da yadda zai haƙura da abin da yake da ikon murƙushewa. Idan ba ka da haƙurin rubuta irin wannan, ka bar wannan iri, shi ya fi kowanne wuyar rubutu.

Na biyu kishiyarsa ne, mutum zalla wanda ba shi da wata baiwa sai horo da dabara. Batman ke nan, na Bob Kane da Bill Finger, wanda ya fito a Detective Comics lamba ta 27 a 1939. An kashe iyayensa a gabansa yana yaro, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyon faɗa da bincike, ga kuma dukiyar gado da yake sayen kayan aiki da ita. Daɗin wannan iri shi ne wuƙa tana cinsa, yana gajiya, yana tsufa. Amma ka lura, sai ka ba shi hanyar samun kuɗi da lokaci. Wanda ke fita kasuwa tun safe neman na cefane ba zai kwana bisa rufin gidaje yana farautar ɓarayi kullum ba, sai dai idan wannan gajiyar ita ce labarin naka.

Na uku, wanda tsautsayi ya faɗa wa. Marvel ta cika gidanta da su a farkon shekarun 1960, lokacin da tsoron makamin nukiliya ya cika zukatan Amurkawa. Fantastic Four a 1961 wani haske ne ya buge su a sararin samaniya. Hulk a 1962 masanin kimiyya ne da bam ɗin gwajinsa ya rutsa da shi. Spider-Man, shi ma a 1962, ɗan makaranta ne da wani gizo-gizo mai ɗauke da tururin nukiliya ya ciza. Daredevil a 1964 wani sinadari ne ya makantar da shi, sauran gaɓoɓin jinsa suka ƙaru. Duk cikinsu babu wanda ya roƙa. A ganina wannan ne iri mafi sauƙi ga mai farawa, saboda tambayar labarin tana zuwa da kanta: jiya kai ba kowa ba ne, yau ga abu a hannunka, me za ka yi da shi?

Akwai na kusa da shi, wanda aka ƙera da gangan. Captain America, na Joe Simon da Jack Kirby, saurayi ne rarrauna da sojoji suka yi wa allurar ƙarfi, kuma bangon fitowarsa ta farko a 1941 ya nuna shi yana naushin Hitler tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba. Luke Cage na 1972 a kurkuku aka yi gwaji a jikinsa, fatarsa ta koma ba ta huduwa. Bahaushe da ya taɓa ganin 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki ba ya buƙatar dogon bayani a kan irin wannan. Idan ka zaɓi wannan iri, ka tuna wanda ya ƙera shi yana nan da rai, kuma yana ganin kayansa ne.

Na biyar, wanda aka haifa da abin a jininsa. X-Men ke nan, na 1963. Baiwarsu takan bayyana ne lokacin balaga, jama'a kuma suna tsoronsu suna ƙyamarsu, har da waɗanda suka ceta. Wannan iri an yi shi ne don labarin wariya. Duk wanda aka taɓa nuna wa yatsa saboda launin fatarsa, ko ƙabilarsa, ko wata lalura da ya taso da ita, zai ga kansa a ciki. Storm, wadda ta shiga cikinsu a 1975, mahaifiyarta 'yar Kenya ce, ita kuma ta taso a titunan Alƙahira.

Na shida, mai kayan aiki. Ƙarfin ba ya jikinsa, yana cikin wani abu da za a iya cirewa. Iron Man na 1963 injiniya ne attajiri da ya ƙera wa kansa sulke, Green Lantern kuma zobe ne da shi. A raba shi da kayan, a ga me ya rage. Wannan tambayar kaɗai ta isa ta ba ka fitowa goma.

Sai mai sihiri, irin Doctor Strange na 1963, likitan fiɗa da hannuwansa suka lalace a hatsarin mota ya tafi neman magani ya ƙare a koyon siddabaru. A nan sai ka yi taka-tsantsan ta fuska biyu. Ta fuskar labari, sihiri marar ƙa'ida yana kashe komai, don duk ramin da jarumi ya faɗa sai ya karanta wani abu ya fito. Ta fuskar masu karatunka kuma, ka san jama'ar da kake rubuta wa. Layar zana da baduhu da sagau suna nan a labaranmu na baka, kowa ya san sunansu, amma jarumin da za a ce yaro ya yi koyi da shi yana tsafi, wannan rigima ce da za ta iya rufe maka kasuwa tun ba ka buɗe ba. Mafi yawan masu hikima sukan bar irin waɗannan kayan a hannun mugu.

Na ƙarshe da zan ambata shi ne mai sarauta. Black Panther ya fara bayyana a Fantastic Four lamba ta 52 a 1966, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage mai suna Wakanda. Shi ba ya ɓuya a lungu, yana da fada da majalisa da talakawa, kuma duk naushin da ya kai yana iya zama sanadin yaƙi tsakanin ƙasashe. Wani marubuci ɗan Najeriya, Roye Okupe, ya bi wannan hanya da jarumarsa Malika, wadda ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau.

Ana iya haɗa biyu. Wolverine an haife shi da baiwar warkewa, daga baya kuma aka dasa masa ƙarfe a ƙashi. Amma ka tsaya a biyu. Idan ka haɗa uku, ka koma gun ƙaton nan da muka fara da shi.

Don mu samu abin gwaji, bari mu ƙirƙiri namu. Sale, ɗan shekara 19, yana gyaran waya a kasuwa. Wata rana ana ruwa wayar lantarki ta tsinke ta faɗo masa, bai mutu ba, tun daga ranar jikinsa ke adana wuta kamar batir. Iri na uku ke nan.

Mataki na 2: Nemo abin da ke fitar da shi daga gida

Samun ƙarfi daban, fita taimakon mutane daban. Mutum nawa ne za su samu irin wannan baiwa su tafi neman kuɗi da ita? Peter Parker, wato Spider-Man, shi ma abin da ya fara yi ke nan, ya shiga wasan nuna bajinta a talabijin. Ɓarawo ya wuce ta gabansa ya ƙi tare shi don ba ruwansa, ɓarawon nan kuma shi ya kashe kawunsa Ben da ya rene shi. Nadama ce ke fitar da Spider-Man kullum.

Dalilan da aka fi amfani da su ba su wuce huɗu ba. Akwai tarbiyya, kamar Superman da iyayen riƙonsa suka koya wa kirki. Akwai nadama. Akwai rauni da ya ƙi warkewa, irin na Batman. Akwai kuma gado, inda jarumi ya karɓi suna daga wanda ya riga shi: Barry Allen ya zama Flash a 1956 alhali tun 1940 akwai wani Flash ɗin, Miles Morales kuma ya ɗauki sunan Spider-Man a 2011. Mai gado kullum ana auna shi da na gabansa, kamar ɗan malamin da ya hau buzun mahaifinsa.

Daga wannan dalilin ne za ka san ko jaruminka na haske ne ko na duhu. Punisher, wanda ya fito a 1974, tsohon soja ne da 'yan daba suka kashe wa mata da 'ya'ya, shi kuma ya yanke cewa duk mai laifi kisa ne hukuncinsa. Matasa marubuta suna son wannan iri ƙwarai, don yana da zafi. Ni dai shawarata, idan za ka yi shi, ka sa wani a labarin da zai dube shi ido da ido ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, kuma ka bar maganar wancan ta yi nauyi. Mun ga abin da ɗaukar doka a hannu ke haifarwa, ba sai an ba mu labari ba. Idan ba haka ba, tallan ramuwar gayya kawai ka zana.

Rubuta dalilin a jimla ɗaya. Na Sale: ranar da ya fara jin ƙarfinsa ya ɓoye don tsoro, gobara ta cinye layin shagunan maigidansa alhali da ya janye wutar da ta tsaya.

Mataki na 3: Kafa masa iyaka, kuma ka rubuta ta

Superman na farko ba ya ma tashi sama, tsalle yake yi. Da ƙarfinsa ya yi ta ƙaruwa sai aka nemo abin karya shi, dutsen kryptonite, wanda ya fara fitowa a shirin rediyo a 1943 kafin ya shiga littafi. Zoben Green Lantern a da sai an yi masa caji duk awa 24, kuma ba ya aiki a kan abu mai launin rawaya. Iron Man na asali yana da ɓaraguzan bam kusa da zuciyarsa, farantin ƙirjin sulken ne ke riƙe da ransa.

Ɗauki takarda ka rubuta abu uku: abin da yake iyawa, abin da ba ya iyawa ko da za a kashe shi, da abin da ke samunsa bayan ya yi amfani da ƙarfin. Manna takardar a inda kake zane. Ranar da labari ya matse ka, za ka ji sha'awar ƙara masa wata baiwa don ya tsira. Kada ka yarda, masu karatu suna riƙe lissafi fiye da kai.

Iyakar da ta fi daɗi ita ce wadda ta fito daga wurin da jarumin yake zaune. Sale sai ya sha wuta kafin ya bayar. A ɗauke wuta kwana biyu a unguwa, ya koma mai gyaran waya kawai, sai ya je yana lallaɓa mai janareto. Ruwa kuma abokin gabarsa ne, damina duk a tsorace yake yin ta.

Mataki na 4: Ba shi gari da mutanen gida

Batman ba ya rabuwa da birnin Gotham, Daredevil na unguwar Hell's Kitchen ne a New York, Luke Cage na Harlem. Zaɓi wurin da ka san lungunansa, ka san inda kwata take da inda mai shayi ke zama, domin kai za ka zana shi sau ɗari.

Sannan ka sa masa mutum uku aƙalla: wanda yake jin kunyarsa, wanda yake so, da wanda ya san sirrinsa. Dubi Kamala Khan, wadda Marvel ta ba littafinta na Ms. Marvel a 2014. Yarinya ce Musulma 'yar asalin Pakistan a Jersey City, kuma rabin wahalarta ba ta mugaye ba ce, ta yadda za ta fita da dare ce ba tare da iyayenta sun sani ba. Wannan ya fi kusa da rayuwarmu fiye da attajirin da ke zaune shi kaɗai a katafaren gida da hadimi ɗaya. A gidan da ake cin tuwo a kwano ɗaya, ɓoye sirri aiki ne babba. Inna za ta ce, "Sale, ina ka kwana jiya?" kuma babu baiwar da za ta amsa masa wannan tambayar.

Nan ne kuma za ka yanke ko yana rufe fuska. Idan yana da na kusa da za a iya cutarwa, ya rufe. Idan sarki ne ko ma'aikacin hukuma, babu dalili.

Mataki na 5: Ƙera bos daga jikin jarumin

Masu kallon fim sun san ba a akta sai da bos. Kada ka nemo shi daga nesa. Ɗauki abin da jaruminka ya yarda da shi ka juya. Batman mai tsari ne da ƙa'ida, Joker hargitsi ne tsantsa. Superman ƙarfi ne da aka ba shi kyauta, Lex Luthor mutum ne mai ƙwaƙwalwa da ke ganin bai kamata baƙo ya fi shi daraja ba. Mafi kyawunsu a wurina Magneto ne, wanda ke son kare irin mutanen da X-Men ke son karewa, hanya ce kawai ta raba su, kuma daga baya aka bayyana cewa ya tsira ne daga kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Mugun da ke da hujja ya fi mai dariyar mugunta ban tsoro.

Bos ɗin Sale zai iya zama dillalin da arzikinsa ya dogara da zaman unguwa cikin duhu.

Mataki na 6: Sai yanzu za ka ɗinka masa kaya

Injinan buga littattafai na da launi huɗu suke haɗawa a kan takarda mai arha, shi ya sa jarumai da yawa suka fito da ja da shuɗi da rawaya, aka bar wa mugaye kore da shunayya. Hulk ma toka-toka ne a fitowarsa ta farko, launin ya ƙi zama daidai a wurin bugu, aka mayar da shi kore a ta biyu.

Launi biyu ko uku sun isa, da alama ɗaya a ƙirji da yaro zai iya kwaikwaya a bayan littafin makaranta. Gwajin da masu zane ke yi shi ne su cike surar jarumin da baƙi gaba ɗaya. Idan har an gane shi daga inuwarsa, kamar kunnuwan Batman, kayan sun yi. Ka kuma tambayi kanka a ina ya samo su. Sale ba shi da masana'anta, saboda haka safar hannu ta roba, takalmin ruwa, da rawani da ya ja ya rufe hanci sun fi dacewa da shi. Kowane maɓalli da ka ƙara, ka tuna sai ka sake zana shi a kowane akwatin hoto na kowane shafi.

Mataki na 7: Gwada shi a gajeren labari

Kada ka fara da shirin littafi mai shafi ɗari uku. Labarin asalin Spider-Man gaba ɗaya shafi 11 ne a Amazing Fantasy lamba ta 15. Asalin Batman a shafi biyu aka ba da shi a 1939. Ninka farar takarda biyu ka samu shafi takwas, ka raba kowane shafi gida huɗu zuwa shida. Shafi biyu na farko su nuna shi a rayuwarsa ta kullum, na uku matsala ta taso, na huɗu da na biyar ya gwada ƙarfinsa ya ci karo da iyakarsa, na shida da na bakwai ya fita da dabara, na takwas ya koma gida ya tarar da abin da fitar ta jawo masa. Fara da zanen 'yan sanduna, ka bar wurin magana a kowane akwati tun kafin ka ƙawata, don sabon mai zane yakan cike gidan da hoto ya rasa inda zai sa kalma.

Miƙa wa mutum biyar da ba sa jin nauyinka, ka yi shiru har su gama. Tambaya biyu za ka yi musu: me wannan jarumin ba ya iyawa, kuma me ya sa yake fita? Idan amsarsu ta saɓa da abin da ke takardar da ka manna a bango, koma mataki na 2 da na 3.

Ƙungiya kuwa ka jinkirta ta. Justice League ta zo a 1960, Avengers a 1963, kuma yawancin 'yan cikinsu sun riga sun tsaya da ƙafafunsu kafin a tara su. In lokacin ya yi, ka haɗa iri daban-daban, baƙo da mutum zalla da mai kayan aiki, don saɓaninsu ne zai ba ka hira.

Mataki na 8: Rubuta wane ne mai shi

Idan ku biyu ne, ɗaya na rubutu ɗaya na zane, ku zauna tun yau ku rubuta yarjejeniya da shaidu: sunan wa zai fito, kashi nawa kowa zai samu, wa ke da ikon sayarwa. Siegel da Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130 a 1938, suka shafe shekaru suna shari'a, sai a 1975 aka amince a riƙa ba su kuɗin shekara-shekara a kuma mayar da sunansu kan littafin. Bill Finger ya rasu a 1974, ba a fara sa sunansa a matsayin wanda ya yi tarayya wajen ƙirƙirar Batman ba sai 2015. Ajiye zanenka na farko da kwanan wata a jiki, ka ɗauki hotonsa ka tura wa kanka ta imel, kuma duk takardar da wani kamfani ya miƙo maka, ka kai wa lauya ya karanta kafin ka sa hannu.